Ƙafafun Dije da Likitar da Ba Ta Yin Allura

Samarin da ke zama a bencin mai shayi na bakin tashar Karaye sun ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta. Wata ƙungiya ta ɗebi wasunsu ta kai su Kano, ta yi musu horo na 'yan kwanaki, ta ba su riga mai tambari da waya mai faɗi, wai za su shiga ƙauyuka su riƙa jin damuwar mutane. Ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙanwata ne ma, ya dube ni ya ce, "Kawu, ashe aikin da kake cika mana baki da shi ke nan? Zama ne fa kawai, ka ji surutu, ka danna waya." Sauran suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don in na buɗe baki a wurin, zagi ne zai fito.

Sunana Habu. A aji uku na sakandare na tsaya, mahaifinmu ya rasu, na koma gona da acaɓa. Abin da ya sa aka ɗauke ni aikin nan bai wuce abu biyu ba: ina da babur, kuma ina jin Fillanci, don mahaifiyata Bafulatanar Rogo ce, a bakinta na koya. Wadda ta ɗauke ni ita ce Dokta Rabi. Ta zo Karaye tana matashiya, tana karatun zama dokta a wata jami'a a Kano. Likitar halayyar ɗan adam ce. Ba ta allura, ba ta rubuta magani, ba ta fiɗa. Abin da take bincike a kai shi ne yadda firgici da baƙin ciki ke shiga jikin mutum su zauna, su zama ciwon da asibiti ke dubawa ya rasa, da kuma yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe wani abu gam ta yar da wani. Na yi mata tafinta, na ɗauke ta a bayan babur, tun ana ce mata Malama har ta zama farfesa. A ƙauye kuwa likitar hira ake ce mata, kuma ba duk mai faɗin haka ne ke nufin yabo ba.

Aikin farko da muka yi a gefen Turawa ne, wurin wani tsoho Bafillace, Baffa Ori. Wuta yake ji a ƙirji, an kai shi asibiti an yi hoto an yi gwaji, ba a ga komai ba. Mahaifarsa tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin da aka gina a yankin, da makiyayarsu, da kaburburan iyayensa. Dokta ta shimfiɗa tabarma, ta tambaye shi yadda wutar take. Tsoho ya yi magana mai tsawo, ya ɗauko ta tun daga wata tsamiya da ke ƙofar rugarsu. Da ya gama na juya na ce, "Ya ce ƙirjinsa ne ke ciwo." Ta kashe rikoda ta dube ni.

"Malam Habu, duk wannan maganar ita ce ƙirjinsa na ciwo?"

"Sauran labarin tsamiya ne, ranki ya daɗe."

"To ni tsamiyar na zo ji."

Nan koyon aikina ya fara, kuma ya ɗauke ni lokaci. Ta ce kada in ƙara cewa "ya ce" ko "ta ce". In mutum ya ce na ji tsoro, ni ma in ce na ji tsoro, kamar ni ne. Kada in gyara masa magana, kada in ƙawata ta, in ya yanke a tsakiya ni ma in yanke a nan. In ya yi shiru in yi shiru, ko da shirun zai kai a sha ruwa a dawo. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce "sai haƙuri". Bakin Bahaushe da kansa yake fitar da ita, ba sai ya yi shawara da mai shi ba. Mutum ya ce ɗana ya mutu, kafin ya rufe baki ka ce sai haƙuri, Allah ya jiƙansa. Shi kuma ya ce amin, magana ta ƙare. Dokta ta ce addu'a tana da wurinta, za mu yi ta a farko, za mu yi ta a ƙarshe, amma a tsakiya in haɗiye ta. Ku gwada ku gani, ku da kuke cewa zama ne kawai. Ku zauna gaban tsohon da ya girmi ubanku yana faɗin yadda ya tsaya yana kallon ruwa na hawa kan kabarin uwarsa, ku riƙe bakinku.

Baffa Ori bai gamsu da mu ba da farko. Da za mu tashi ya ce mini da Fillanci, "Kai, ɗan 'yar'uwa, allurar fa? Ko ta manta jakar a gida?" Na mayar mata yadda ya faɗa, ta yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce likitan da ba allura ai malamin makaranta ne. Amma ya bari muka dawo, muka sake dawowa. Shi da kansa ya lura cewa wutar tana tashi ne da rani, lokacin da ruwa ya ja baya har kan tsamiyar ya leƙo. Ba ta warke sarai ba. Ta dai ragu har yana cin tuwo yana barci.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Rikoda mai kaset, da batura a ƙulle cikin leda saboda ruwan sama. Daga baya aka samu ƙarama, ba ta fi kwalin ashana ba. Tabarma, don Dokta ba ta yarda a kawo mata kujera ta fi mai ciwo tudu. Goro na dattawa. Buta. Babur mai sabuwar taya, don hanyar Rogo da damina ba ta san farfesa ba. Sai kuma bayana. In mace ce za a yi hira da ita, ba na zama a gabanta. Ko dai in juya baya, ko in zauna bayan zana, murya kawai za ta ji. Na yi shekaru ina fassara maganar matan da ko fuskarsu ban sani ba. Kuma ba a kunna rikoda sai an gaya wa mutum mene ne, ya ce ya yarda. In ya ce a kashe, a kashe.

Masu zuwa wurinmu duk sun riga sun gaji da yawo. An yi asibiti, an yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, wasu har gidan boka. Mace mai ciwon kai tun ranar da gobara ta ci ɗakinta. Direban da hannunsa ke rawa tun hatsarin da ya yi a hanyar Kano, wanda yake tuna launin takalmin yaron motarsa sarai amma bai san wanda ya ciro shi daga motar ba. Dokta ba ta fara hira sai ta tura mutum asibiti an duba shi da kyau, don wani gyambon ciki ne na gaske, wani hawan jini, wani shanyewar ɓarin jiki. Kuma ban taɓa jin ta ce wa wani ciwonka ƙarya ne ba. Cewa take, "Ciwon gaske ne, hanyar da ya biyo ce daban." Ba ta faɗa da malamai. In ka ce kana shan rubutu, sai ta ce ci gaba.

Ɓangaren binciken kuma a wani ɗaki muke yinsa a Karaye, mu kunna kaset mu yi ta ji. Takan tambayi mutum labari ɗaya bana, ta sake tambayarsa baɗi, ta jera biyun ta ga me ya ƙaru, me ya ɓace, me bai taɓa motsawa ba. Ta koya mini cewa abin da mutum yake tsallakewa kullum a wuri ɗaya ya fi abin da yake faɗa nauyi. Duk wannan ta rubuta shi da Turanci, an buga a ƙasashen da ban san hanyarsu ba. An ce sunana yana ciki, can ƙasa, a layin godiya. Ban taɓa ganin wanda ya karanta a Rogo ba, kuma layin godiya bai taɓa sayo mini taya ba.

Mummunar shekarar ita ce wadda ɓarayin shanu suka matsa wa rugagen yammacin Rogo. A shekarar ne wani manomin gyaɗa a Ruwan Bago, Jibo, ya same ni a kasuwa ya ce in taimaka in kawo likitar hira ta duba yayarsa Dije. Tana aure a wata ruga can bayan rafi. A farkon damina ɓarayi sun kora musu garke da rana tsaka, sun harbi ɗanta na fari, Iliyasu, saurayi mai kiwo, an tsinci gawarsa a duhuwar bakin rafi. Dije ba ta yi kuka ba. Ta dafa wa masu gaisuwa abinci, ta ɗebo ruwa, har ana misali da haƙurinta. Da aka tashi daga zaman makoki, wata safiya ta zo miƙewa ƙafafu suka ƙi. An kai ta har Kano, an yi hoton baya da na kai, likitoci suka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya.

Abin da ya tayar wa Jibo hankali ba ciwon kaɗai ba ne. Ardon rugar, wanda shi ne surukin Dije, ya yanke cewa da an gama kaka za su tashi su yi kudu, nesa, kuma ba za a tafi da wanda ba ya iya gudu in an biyo su ba. Dije tana da sauran 'ya ɗaya, Shatu, yarinya ƙarama da ta fara ɗaukar ƙwarya. Shatu za ta bi ubanta da shanu. In Dije ta taka kafin tashi, za ta tafi da 'yarta. In ba ta taka ba, za a bar ta a Ruwan Bago wurin Jibo.

Dokta ta nemi a kawo ta ɗakinmu na Karaye, inda akwai ƙofa da bango. Ardo ya ce matar ɗansa ba za ta riƙa yawo a bayan babur ba, in likita tana so ta zo. Haka muka riƙa zuwa. Kullum sai mun sauka a rafi, in tura babur, Dokta ta tattare zani ta shiga ruwa da takalmi a hannu. Ita tana cikin bukka da Dije, ni ina waje jikin zana, kaji suna tsallake mini ƙafa.

Kun san kunyar ɗan fari. A birni ta zama abin wasa, uwa ta kira ɗanta da sunansa tana dariya. A ruga ba wasa ba ce. Dije ba ta taɓa faɗin sunan Iliyasu ba tun ranar suna. Da aka yaye shi kakarsa Nenne, matar Ardo, ta ɗauke shi. Ba ya ce wa Dije inna, Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Ba ta amsa kiransa a gaban surukai, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu, in ya shigo ta nan sai ta fita ta can. Da ya mutu, Nenne aka yi wa gaisuwa. A hirarmu in za ta ambace shi sai ta ce "ɗan Nenne". Ni ma haka nake mayarwa.

Mun yi makonni ba a taɓo zancen ranar da aka kashe Iliyasu ba. Hirar nono, hirar farashin dusa, hirar Shatu da rashin jin maganarta. Dije tana da baki, ba kamar yadda na zata ba. Ta ce wa Dokta, "Likita, ke da kika yi boko har kika gaji, kin iya tatsa?" Dokta ta ce ba ta iya ba. Dije ta ce, "To ashe kowa da gurguntarsa." Dokta ta koya mata yadda za ta ja numfashi in zuciya ta fara bugu, da yadda za ta taɓa ƙasa da tafin hannu ta tuna inda take. Sai a hankali ta fara ba da labarin ranar. Ita da Nenne sun je kasuwar Rogo tallan nono. Sun sayar, sun sayi gishiri da kanwa. Sun taso. Sun iso gida sun tarar ana kururuwa an kore shanu. Ta ba da shi haka, ta sake ba da shi haka wani zuwan, ba ƙari ba ragi.

A hanyar komawa wata rana, muna tsakiyar ruwa, Dokta ta tsaya da takalmi a hannu ta ce, "Malam Habu, akwai wata hanya daga kasuwa zuwa rugar nan da ba ta biyo ta rafi ba?"

Na ce babu.

"Ta gaya mana kuɗin kanwa, ta gaya mana wanda suka gaisa da shi a bakin kasuwa. Ka taɓa jin ta haye ruwan nan?"

Ban taɓa ji ba. Kuma Jibo ya riga ya gaya mana cewa da maza suka bazama nema ta yamma, Dije ce ta ce a duba bakin rafi. Ba wanda ya tambaye ta yadda ta sani.

Lokacin dawa ta fara ja, an fara cirar gyaɗa. Da muka hau babur sai Dokta ta ce daga bayana, "Da ina da shekara guda a hannu, ba zan taɓa rafin nan ba sai ta kawo shi da kanta. Kuma ba a bukkar da kowa ke ji ba." Na ce to a bari mana. Ta ce, "In na bari, an tafi da yarinyar." Wannan shi ne aikin, ku ji da kyau. Ba danna waya ba ne.

Zuwa na gaba da hantsi ne, maza sun fita da ragowar shanu. Bayan gaisuwa Dokta ta tambaye ta ko ta yarda su koma ranar, ta ce in ta ce a tsaya za a tsaya. Dije ta ce to. Sai Dokta ta ce, "Dije, ranar da kuka taso daga kasuwa, ruwan rafi ya kai miki ina?" Na mayar da Fillanci ta jikin zana. Na ji tafin hannun Dije yana shafa ƙasa. Sannan ta fara, ni kuma ina bin ta da Hausa, da bakina, kamar ni ne.

"Ya kai mini gwiwa. Da sanyi. Nenne tana gaba, ta kusa hayewa. Na ji an kira ni daga cikin duhuwa, ta hannun dama. Adda. Muryarsa ce. Nenne ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi. Ya sake kira, a hankali. Na ce a raina fura yake so. Nenne tana gabana, ba na amsa masa a gabanta, ban taɓa ba. Na ce in na isa gida zan aiko Shatu. Na haye. Ƙafata ba ta tsaya ba."

Daga nan ban sake fassara komai ba, don abin da ya biyo baya ba ya bukatar tafinta. Sunansa ta kira. Iliyasu. Ba da ƙaramar murya ba, da duk abin da ke ƙirjinta, ta yi ta kira tana kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakin Bafulatana ba. Matan ruga suka fito daga bukkoki suka tsaya cirko-cirko. Har Nenne mai nauyin kunne ta ji. Ta zo da sandarta, wata ta faɗa mata a kunne abin da aka ji ta jikin zana. Tsohuwa ta tsaya a bakin bukka ta ce, "Da ni ce a bayan tawa surukar, haka zan wuce." Wannan na mayar wa Dokta, don aikina ne. Dokta ba ta tashi ba sai da kukan ya lafa, numfashi ya daidaita. Kafin mu tafi ta kira ni in leƙo. Yatsun ƙafar Dije ta dama suna motsi.

Ardo yana jiranmu a gindin kalgo inda na ajiye babur. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kano. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam Habu, kai ɗan 'yarmu ne, ka san abin da ake yi da abin da ba a yi. Matar nan tana zaune da haƙurinta, mata suna koyi da ita. Yau ga ta tana kiran sunan ɗan fari, yara suna ji, maruƙa suna ji."

Na mayar. Dokta ta ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, yatsunta sun motsa. Yanzu ne ta fi bukatar a zauna da ita. Ka ba ni zuwa ƙarshen kaka."

Ya ce, "Likita, mun gode da wahala. Allah ya kai ku gida lafiya."

Wanda ya san Fulani ya san an rufe ƙofa ke nan. Ba mugu ba ne, jikansa aka kashe, kuma a ganinsa mun zo mun ƙara wa gidansa tsiraici a kan rashi. Dokta ta aika ta bakin Jibo cewa a mayar da Dije Ruwan Bago tun yanzu a ci gaba a can. Dije da kanta ta ƙi. Ta ce in ƙafar ba ta tashi ba, ta yi asarar kwanakin da suka rage mata da Shatu a banza. Ana cikin haka jami'a ta hana malamanta shiga ƙauyukan yamma saboda hanya ta lalace, masu ba da kuɗin binciken kuma suka janye. Abin da ya rage shi ne saƙo: Dokta ta gaya mini a waya, in gaya wa Jibo, matar Jibo ta kai ruga. A ce wa Dije ta kama turken bukka ta gwada miƙewa. Ta jingina da zana. Ta ja numfashi. Aikin da ake yi gwiwa da gwiwa ya koma bi ta baki huɗu.

Ranar tashi Jibo ya ce in zo da babur in ɗauko masa ita. Na isa da safe na tarar an kwance bukkoki, an ɗaure ƙore da tabarmi a kan jakuna da takarkarai. Dije tana zaune a kan turmi da ƙullin kayanta, Shatu tana manne da ita. Da shanu suka hau burtali aka kira yarinyar, ta tafi tana waiwaye. Na gyara babur na ce, "Adda Dije, bismilla." Ba ta dube ni ba. Ta jawo wata sanda da ke gefe, ta dafa, ta miƙe. Ta ɗaga ƙafar dama ta ajiye. Ta jawo ta hagu. Ta bi bayan garke.

Tafiya ce irin ta yaron da ya fara tatata, amma tafiya ce. Na kashe babur na bi ta a ƙasa. Matan da ke baya suka tsaya, aka kira Ardo, ya dawo ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ce, "Malam Habu, na gani, tana takawa. In an biyo mu a daji fa? Wa zai tsaya, ita ko mai ɗaukarta?" Ya ce in Allah ya sa sun zauna wuri ɗaya za a aiko a ɗauke ta. Ya juya. Shatu ta rugo da gudu ta riƙe zanin uwar, uban ya zo ya ɗauke ta ya ɗora a kan jaki. Dije ta ci gaba da bin su har inda burtali ya karya kwana bayan gonar dawa, ƙafar ta lanƙwashe, ta zauna a ƙasa. Muna nan har ƙarar kofato ta ɓace. Sannan ta ce in kawo babur.

Dokta ba ta saki aikin ba ko da aka hana ta zuwa. Nakan je gidan Jibo in ajiye waya a kan tabarma, in juya baya, ita tana Kano tana tambaya, ni ina mayarwa. Sau ɗaya ma ta saci jiki ta zo da kuɗin motarta. Kafin tsakiyar rani Dije ta ajiye sanda. Kafin ruwa ya sauka tana zuwa rijiya da tulu. Na kira Dokta na gaya mata, na zaci za ta yi murna, sai ta tambaye ni ko an ji labarin rugar. Ba a ji ba. Lambar mijin ta daina shiga tun watan farko. Wani ya ce an gan su a wani wuri, wani ya ce sun ƙara gaba, wani ya ce ba su ba ne.

Wannan ne aikin ƙarshe da muka yi tare. Binciken ƙauye bai sake tashi ba, Dokta ta koma aji da ofis, daga baya hawan jini ya kwantar da ita ta yi ritaya. Kaset-kaset suna gidanta a cikin akwati, ba ta yarda kowa ya taɓa, don ta yi wa masu muryoyin alkawari. Ni na koma acaɓa, baya ya ƙi, yanzu fetur nake sayarwa a kwalba a bakin titi. Nakan kira ta da Sallah. Ba ta taɓa kashe waya ba sai ta tambayi labarin Dije.

Dije tana nan Ruwan Bago. Tana saro nono a wurin wasu tana kaiwa kasuwar Rogo a ƙasa, ba ta hawa mota, samari ma ba sa iya jerawa da ita. In ta sayar sai ta zagaya kara, wurin da ake loda shanu, ta bi direbobi da dillalai ɗaya-ɗaya tana tambayar wanda ya fito daga kudu, ko ya ga wata ruga mai yarinya Shatu, wadda yanzu ta isa aure. Sun saba da ita, wasu tun daga nesa suke girgiza mata kai. Ranar kasuwar da ta wuce ta gan ni, ta sauke ƙwarya muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi jikin Likita. Da za ta ɗauki kayanta ta ce, "Malam Habu, in kun yi waya ka gaya mata ƙafa ta yi ƙwari, na gode. Ka tambaye ta, yanzu ina zan nufa da ita?"